Sabon Makamashi da Masu Buƙata ta Musamman: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Makaho da kunne yake tsallaka titi. Idan ya tsaya a bakin kwalta riƙe da sandarsa, ƙarar inji yake saurare: wannan babur ne, wannan Adaidaita Sahu ce ta rage gudu za ta sauke fasinja, waccan tirela ce amma da sauranta. Daga ƙarar yake auna nisa, yake auna gudu, sannan ya sa ƙafa. To, motar lantarki idan tana tafiya a hankali kusan ba a jin motsinta, sai ta iso kan mutum.

Injiniyoyin da suka ƙera ta sun ɗauki wannan shirun a matsayin ci gaba, kuma ta wata fuskar ci gaban ne. Ƙungiyoyin makafi ne suka tashi suka ce ransu na cikin haɗari. Majalisar dokokin Amurka ta zartar da doka kan lamarin a 2010. Tarayyar Turai ta wajabta wa sabbin samfuran motocin lantarki sa na'urar fitar da sauti daga Yulin 2019, sannan daga Yulin 2021 dokar ta hau kan kowace sabuwar motar lantarki. Dole ta yi ƙara idan gudunta bai wuce kilomita 20 a awa ba, ko idan tana ja da baya.

Wannan magana ta iso ƙofar gidanmu. A Maiduguri, inda wani matashi ɗan garin, Mustapha Gajibo, ya fara sauya injin ƙananan bas-bas zuwa na batir, yau motocin haya na lantarki ba baƙon abu ba ne. Babura da kekunan Adaidaita masu caji su ma suna ta shigowa biranenmu. Titunanmu kuwa akasari ba su da gefen masu tafiya a ƙasa, balle fitilar tsallakawa mai yin ƙara. Mai lalurar gani a Kano ko Damagaram ya fi na Landan dogaro da kunnensa.

Wane sauyi ake nufi?

Duk lokacin da aka ƙona fetur, ko dizal, ko gawayin ƙasa, ko gas, ana sakin iskar kabon. Ita ce ke taruwa a sararin samaniya tana riƙe zafin rana, duniya tana ƙara ɗumi, damina tana rikicewa. A Disambar 2015 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Faris cewa za su riƙe ƙarin ɗumin ƙasa da digiri 2, su kuma yi ƙoƙarin tsayar da shi a 1.5. Hanyar cimma hakan ita ce a rage ƙona waɗannan abubuwa, a koma hasken rana da iska da ruwa, a sauya yadda ake sufuri da girki da gini da noma.

Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi, amma tana cikin tafiyar. A taron Gilasgo na Nuwambar 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa zuwa 2060 Najeriya za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da take shanyewa. A watan ne ya sa hannu kan dokar sauyin yanayi, kuma a Agustan 2022 aka ƙaddamar da tsarin sauya makamashi na ƙasa, wanda ya yi hasashen samar da ayyuka har 340,000 zuwa 2030, da 840,000 zuwa 2060. A matakin duniya, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa sauyin zai haifar da sabbin ayyuka miliyan 24 zuwa 2030, ya kuma kashe miliyan 6.

Ke nan akwai wanda zai samu, akwai wanda zai rasa. Shi ya sa ƙungiyoyin ƙwadago suka dage cewa a yi sauyin cikin adalci, kada a ɗora nauyinsa kan masu ƙaramin ƙarfi. Gabatarwar yarjejeniyar Faris ta ambaci hakan, ta kuma ambaci haƙƙin masu nakasa da sunansu.

Mutanen da ake magana a kansu ba 'yan kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da nakasa mai tsanani, wato mutum 1 cikin kowane 6. Idan aka auna Najeriya da wannan ma'auni, ana maganar fiye da mutum miliyan 30. A Arewa mun san inda suka fito: shan inna da ta daɗe tana illata yara kafin a ayyana Afirka ta rabu da nau'inta na daji a Agustan 2020, sanƙarau da ke barin yaro ba ya ji, amosanin ido, kuturta, haɗarin mota da na babur, harsashi da bam na shekarun rikici. Ga kuma tsufa, wanda ke jiran duk wanda Allah ya ja kwanansa.

Su ne farkon shan wuya

Kafin a zo maganar sauyin makamashi, shi kansa sauyin yanayin ya fi taɓa su. Daren 10 ga Satumba, 2024, da madatsar ruwan Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, kowa gudu ya yi da abin da ya iya ɗauka. A irin wannan dare kurma ba ya jin ihun maƙwabta, ba ya jin sanarwar rediyo. Keken guragu ba ya tafiya a cikin ruwa da taɓo. Makahon da ya haddace kowane lungu na unguwarsu ba ya gane komai idan ruwa ya shafe alamomin da ya saba bi. Ko a Japan, da duk shirinta, bincike bayan igiyar ruwan tsunami ta 2011 ya nuna cewa yawan mace-mace a tsakanin masu nakasa ya kai kusan ninki biyu na sauran jama'a.

Zafi ma haka. Mai lalurar laka jikinsa ba ya yin gumi yadda ya kamata daga inda raunin yake zuwa ƙasa, don haka zafin bazara na iya kayar da shi yana zaune a ɗaki. Wasu magungunan taɓin hankali suna rage wa jiki ikon sanyaya kansa. Zabiya kuwa rana ce ke jawo masa ciwon dajin fata. Waɗannan mutane sun fi kowa buƙatar a shawo kan ɗumamar yanayi. Abin da ake tsoro shi ne kada maganin ma ya zo ya same su.

Wa ke biyan kuɗin sauyin?

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Dalilin kasafin kuɗi ne ya sa, amma irin matakin da ake ta kiran ƙasashe su ɗauka ke nan saboda yanayi. Matsayar taron Gilasgo ta nemi a janye irin wannan tallafi, sai dai ta haɗa da sharaɗin a tallafa wa mafiya talauci da rauni kai-tsaye. Lita da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000.

Mai lafiyar ƙafa ya jingine babur ya koma sayyada, ko ya matsu da mutum uku a bayan Adaidaita. Wanda shan inna ta shanye wa ƙafafu, wanda baburinsa mai ƙafa uku shi ne ƙafarsa, ba shi da wannan zaɓi. Ko ya sayi man, ko ya zauna a gida, kasuwa ta wuce shi. Mai keken guragu sau da yawa shata yake ɗauka, domin direba ba zai tsaya ya naɗe keke ya ba shi gurbin mutum biyu a kuɗin mutum ɗaya ba. Makaho yana biya wa kansa, yana biya wa ɗan jagora. Tsada ɗaya ce, amma ba ɗaya take faɗa wa mutane ba.

A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan masu nakasa a Jigawa naira 7,000 duk wata, abin da ya cancanci yabo. A lokacin wannan kuɗi lita 100 ne na fetur. A ƙarshen 2024 naira 7,000 ba ta cika lita 7 ba. Duk wani tallafin rage raɗaɗi da ba ya tafiya da farashi, kuma bai lissafa ƙarin kuɗin da nakasa ke ci ba, suna ne kawai. Shirin mayar da ababen hawa kan gas na CNG, da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, ya fi karkata ga motocin haya ta hannun ƙungiyoyin direbobi. Ya kamata a buɗe irin wannan ƙofa ga baburan guragu, musamman wajen mayar da su masu caji, tunda tafiyarsu ta cikin gari ce, batir zai wadatar.

A madafi ma akwai abin dubawa. Hayaƙin itace da gawayi a cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3.2 duk shekara a duniya, a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020, kuma an danganta shi da yanar ido. Barinsa alheri ne. Amma a dubi makauniyar da ke girka wa iyalinta. Murhun itace ta san shi da hannu da hanci da ƙarar wuta. Aka ba ta risho na gas, harshen wutarsa ba ya ƙara sosai, makunninsa santsi ne ba shi da wata alamar da yatsa zai ji, takardar bayanin kuma rubutu ne da zane. Ɗan tudu a jikin makunni da zai nuna mata "kashe" da "kunne", da mutum ɗaya da zai zauna ya koya mata hannu da hannu, su ne bambanci tsakanin taimako da gobara. Haka matar da ke girki a zaune a ƙasa saboda ƙafa, murhu mai tsayi ba nata ba ne. Kuma idan za a hana sare itace da sayar da gawayi, a tuna mata nawa ne masu nakasa ke cin abinci da ƙullin gawayin da suke kasawa a ƙofar gida.

Maganar aiki

A nan ne zuciyar batun take. Masu buƙata ta musamman da kansu suke cewa babu nakasasshe sai kasasshe, kuma sun nuna hakan a aikace. A Kano ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa ta daɗe da wajen ƙera kekunan guragu masu tuƙin hannu. Mutum na zaune a ƙasa, ƙarfe a gabansa, ya auna, ya yanka, ya lanƙwasa, ya yi walda, tartsatsi na tashi, har keke ya tsaya da ƙafafunsa. Hannun da ya iya wannan zai iya ƙera ƙarfen da ake ɗora farantan sola a kai, zai iya ƙera murhu mai tsimin itace, zai iya koyon ɗaura injin lantarki a jikin keken da shi ya fi kowa sanin inda yake ciwo.

Mutane da yawa idan an ce aikin sola, hawa rufin kwano suke hangowa, sai su ce ai wannan ba na gurgu ba ne. Hawa rufi ɗan ƙaramin yanki ne na sana'ar. Akwai haɗa waya a allo, akwai gyaran inbata da fitilu, akwai lissafin wutar da gida ke buƙata, akwai shagon cajin waya, akwai sayar da katin mita a ƙauyen da aka kafa wa ƙaramar tashar sola, akwai amsa kiran abokan ciniki, akwai firjin sola na ƙanƙara da ruwan sanyi. Yawancinsu a zaune ake yi. A Botsuwana, tun farkon shekarun 2000, kurame ne ke haɗa na'urar ƙara ji mai caji da hasken rana, wadda ta raba masu ita da sayen ƙananan batira masu tsada kowane mako ko biyu. Su ne ma'aikatan, su ne masu amfani da kayan.

Abin da ke tare hanya ba ya wuce abubuwan da muka saba gani har muka daina lura. An sa horon a bene hawa na biyu. Babu mai fassara da maganar hannu, don haka ɗalibin da ya gama makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki a Kano da ƙwaƙwalwa garau ya zauna yana kallon bakin malami. Fom ɗin neman shiga yana intanet, a shafin da manhajar karanta wa makafi rubutu ba ta iya karantawa. An ce sai mai takardar sakandare, alhali yaron tun yana shekara bakwai aka ɗora shi a kan titi yana bara, ba wanda ya kai shi aji. Wanda ya tsallake duk wannan ya je neman jari, sai ma'aikacin banki ya dube shi ya ga mai neman sadaka.

Doka tana nan. A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda ta ce hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, kuma a 2020 aka kafa hukumar kula da su ta ƙasa. Sai dai galibin sabbin ayyukan makamashi a hannun kamfanoni da 'yan kwangila za su kasance. Saboda haka wurin da ya kamata a kafa sharaɗin shi ne cikin takardar kwangila. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES, na kai wutar sola ga 'yan Najeriya miliyan 17.5. A Disambar 2021 ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Kuɗin jama'a ne, bashi ne da kowa zai biya, har da mai nakasa. A ganina duk kamfanin da zai ci daga ciki, a rubuta masa yawan masu buƙata ta musamman da zai horar, da waɗanda zai ɗauka, a kuma riƙe wani kaso na kuɗinsa sai ya nuna su ido da ido.

A karkara ma akwai gurbi. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, yana da burin samar da ayyuka miliyan 10 zuwa 2030. Renon dashe, wato cika leda da ƙasa da taki, sa iri, ban ruwa, aure tsakanin itatuwa, aiki ne na haƙuri da hannu. A yankunan Maraɗi da Damagaram manoma sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980, ta hanyar sassabe tohon kututturen gawo da sauran itatuwa su bar masu ƙarfi su girma, ba tare da wani jari mai yawa ba. Amma sai mai gona ke cin wannan moriya. Shari'a ba ta rage wa mai nakasa ko taƙi ɗaya daga gadonsa ba, sai dai sau nawa muke ganin 'yan'uwa sun riƙe gonar da sunan "ai ba zai iya nomawa ba", suna ba shi abin da suka ga dama? Idan shiri ya zo rabon dashe da injin ban ruwa na sola, sunan wanda ke riƙe da gonar ake rubutawa.

Wani gefen kuma da ba a cika faɗa ba: sabon makamashin na iya haifar da sabbin nakasassu. Ana haƙar lithiyam na batir a Nasarawa da wasu jihohi, wani wurin da diga da shebur, cikin ramukan da ke ruftawa. Batiran sola masu dalma idan sun mutu, 'yan gwangwan ne ke fasa su da hannu. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010 wajen haƙar zinariya, inda yara aƙalla 400 suka rasu, wasu da dama suka tashi da lalurar ƙwaƙwalwa.

Tun ran gini

Rahoton duniya kan nakasa na 2011 ya nuna cewa idan tun a zane aka tanadi hanyar shiga ga kowa, abin da ke ƙaruwa a kuɗin sabon gini bai wuce kimanin kashi 1 cikin 100 ba. Fasawa a gyara daga baya shi ne mai tsada, kuma akasari ba a yi. Dokar 2019 ta ba gine-ginen jama'a da ababen sufuri shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024, kuma duk mai shiga ofisoshi da tashoshinmu ya san matakala nawa aka mayar gangare.

Wannan ne ya sa lokacin da muke ciki yake da tsada. Yanzu ake sayo sabbin bas-bas, yanzu ake gina wuraren caji da tashoshin gas, yanzu ake kafa mitoci a ƙauyukan da ba su taɓa ganin wuta ba. Bas ɗin da aka sayo yau mai matakala uku masu tsayi zai yi shekara 10 ko 15 yana wuce mai keke a bakin titi. Mitar da aka kafe can sama kusa da rufi, haka za ta zauna. Tun ran gini, tun ran zane.

A tambaye su

A ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ministar makamashi ta Isra'ila, Karine Elharrar, wadda ke amfani da keken guragu, ta kasa shiga zauren taron Gilasgo saboda ba a tanadi hanyar da za ta kai ta ba, ta koma masauki. Firaministan Birtaniya Boris Johnson ya ba ta haƙuri washegari. Minista ke nan, mai tawaga da motoci. A 2022 wani bincike na Jami'ar McGill ta Kanada da ƙawancen ƙungiyoyin masu nakasa na duniya ya gano cewa ƙasashe 35 kacal cikin 192 ne suka ko ambaci masu nakasa a kundin alkawuransu na yanayi.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006, wadda Nijar ta tabbatar a 2008, Najeriya a 2010, ta wajabta wa gwamnati tuntuɓarsu ta hannun ƙungiyoyinsu a duk abin da ya shafe su. Mu kam wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, ya riƙe Madina idan ya fita. A masarautunmu akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, akwai Sarkin Kutare, kowanne ya san mutanensa gida-gida fiye da kowace rajistar ofis. Ga haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta Najeriya, JONAPWD, da rassanta a jihohi, ga tarayyar ƙungiyoyin masu nakasa ta Nijar. Babu wanda zai ce ya nemi wanda zai tambaya ya rasa.

Sai dai tuntuɓa ba ita ce a gayyato shugaba ɗaya ranar buɗe taro a ɗauki hoto ba. Buƙatar kurma daban, ta makaho daban, ta mai lalurar laka daban, ta uwar da ke renon yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa daban. Mata kuma su zo da bakinsu, domin su ke madafi, su ke neman ruwa, kuma su aka fi mantawa ko a cikin ƙungiyoyin kansu. A ba su takardun tun kafin zama, da rubutun makafi ko a murya, da Hausa, a kawo mai maganar hannu, a biya musu kuɗin mota har da na ɗan jagora. A ba su kujera mai ƙuri'a a kwamitin tashar sola ta ƙauye, da kwamitin agajin gaggawa na ƙaramar hukuma, da wajen tantance bas ɗin da jiha za ta saya.

Duk shekara 5 ƙasashe ke sabunta kundin alkawuransu na yanayi a ƙarƙashin yarjejeniyar Faris, kuma zagaye na gaba a 2030 ne. Rubutun irin wannan kundi yakan fara shekara ɗaya ko biyu kafin lokacin, a ma'aikatar muhalli da majalisar sauyin yanayi ta ƙasa. Ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman na jihohi suna da damar miƙa buƙatunsu a rubuce tun yanzu, su kuma nemi a nuna musu layin kasafin kuɗin da zai biya kowace ɗaya.